Tsakuwar Da Ke Cikin Shinkafar Tudun Wada

Hausawa sun ce tsakuwa ɗaya ba ta daɓe. Gaskiya ne, amma tsakuwa ɗaya tana fasa haƙori, tana kuma raba ɗan kasuwa da mai cinikinsa. Duk magidancin da ya taɓa kai loma baki a gaban baƙi ya ji ƙaras a matauni, ba ya bukatar kowa ya yi masa lacca a kan ingancin kaya. Ran da ya sake shiga kasuwa zai tsallake buhun shinkafa 'yar gida, ya nufi wadda aka buga wa sunan wata ƙasa mai nisa, ya biya ƙari yana murna. Ƙarin nan kuwa da ya biya, rabon manomin Tudun Wada ne, da na matar da ta kwana a bakin murhu tana turarawa, da na mai injin da ya cashe, duk ya tsallake teku.

Kudancin Jihar Kano ƙasar shinkafa ce. Ruwan sama ya fi sauka a nan bisa ga arewacin jihar, ga fadamu tun daga Kiru har gindin duwatsun Doguwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya kafu a Kadawa da Kura da kewayensu, shinkafa ta zama abin nomawa damina da rani. Tudun Wada da Kura su ne garuruwan da suka yi suna wajen gyaranta. Samfarera, wadda wasu ke kira shanshera, tana shiga gidaje buhu buhu, mata su jiƙa, su turara, a shanya, a kai inji, sa'an nan motoci su kwasa su bi ta Kwanar Dangora zuwa Kano da Zariya da kudu. Ba a ganin dogon bututun hayaƙi, ba a jin jiniyar tashi daga aiki, amma wannan masana'anta ce sosai, kuma tana ciyar da gidaje fiye da yadda wasu manyan kamfanonin Sharaɗa da Bompai suka taɓa ciyarwa. Abin da ya rage mata shi ne abin da kowace masana'anta ta kirki ta ke da shi, watau ma'aunin da za ta san yawan aibin da ke cikin kayanta.

Gwamnatoci sun daɗe suna gina wa shinkafar gida katanga. Cikin 1985 an hana shigo da ta waje, hanin ya yi shekara goma. Cikin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da ita kuɗin musaya, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. A Janairu na 2022 har dalar shinkafa aka jera a Abuja. Duk cikin shekarun nan abin da a ke ƙirgawa shi ne tan nawa aka noma, buhu nawa aka tara, eka nawa aka share. Ba a ji wani babban ma'aikaci ya tashi ya faɗi yawan tsakuwar da ke cikin buhu a bara da yawan da ta koma a bana ba. To, a watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗauke harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Cikin 2025 farashi ya sauko, manoma da masu injuna suka yi ta kuka. Katanga ta yi ƙasa, mai saye ya sami zaɓi, kuma mai zaɓi ba ya sayen kaya don kishin ƙasa sau biyu.

Ya kamata a bi buhun nan tun daga gona a ga inda aibi ke shiga, gama yawancin mutane a kan mai inji su ke ɗora laifi, alhali shi ne kusan na ƙarshe a layi.

Tsakuwa ba a inji ta ke shiga ba. A masussuka ta ke shiga, inda a ke bugun shinkafa a jikin duro bisa ƙasa tsirara ko bisa yagaggen tamfal, in an gama a share har da yashi a zuba a buhu. Tana sake shiga wajen shanya, musamman a gefen kwalta, inda mota ke watso ƙura da burji, akuya ta bi ta kai, kaji su yi tono. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa, amma kowa a kasuwa ya sani: wani da gangan ya ke barin ƙasa da ƙaiƙayi domin buhu ya cika. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma saboda irin wannan mutum ɗaya dillali ya kan karya farashin mutum goma masu gaskiya.

Karyewar ƙwaya kuwa maganar laima ce. Masana sun daidaita a kan cewa lokacin yankan shinkafa shi ne sa'ad da laimar da ke cikin ƙwaya ta ke tsakanin kashi 20 da 25 cikin 100, lokacin casa kuma sa'ad da ta sauko wajen kashi 14. In aka bar ta a gona ta bushe ƙayau, raɓa ta jiƙa ta da dare, rana ta gasa ta da hantsi, sai ƙwayar ta tsattsage a cikin ɓawonta ba wanda ya gani. Da ta shiga inji sai ta fito tsaki. Turarawa tana maganin wannan, domin tururi yana narkar da garin da ke cikin ƙwaya ya liƙe tsagar, shi ya sa turarriyar shinkafa ta fi jure wa inji. Amma turarawar ma tana da nata ramuka. In aka jiƙa a ruwan sanyi kwana biyu ko uku, ruwan ya kan yi tsami, shinkafa ta ɗauki warin nan da matan birni ke ganewa tun ba a buɗe tukunya ba, alhali jiƙo a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 yana gama aikin cikin sa'o'i, ba wari. In aka ɗora duro a wuta da ruwa da shinkafa a haɗe, ta gindi ta dahu har ta ƙone, ta sama ba ta ji tururi ba, sai a sami launi uku a kwano ɗaya. In ba a wanke samfarera an kwashe wadda ta taso saman ruwa ba, ƙwayar da ba ta nuna ba da wadda ƙwaro ya tsotse su ne za su koma baƙin idon nan da a ke zama tsinta. Bayan an sauke kuma, in aka baza ta a ranar tsaka cikin iskar hunturu ta bushe farat ɗaya, tsagar da tururi ya liƙe sai ta dawo. Masu sani su kan shanya rabi, su tara a inuwa ta huta, sa'an nan su ƙarasa.

Akwai kuma gauraya. Dillali ya sayi kwano ashirin na Sipi a wannan ƙauye, talatin na Jamila a wancan, ya juye su buhu ɗaya. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kaurinsu ba ɗaya ba ne, shan ruwansu ma ba ɗaya ba ne. Mai inji in ya matse domin siririya, sai mai kauri ta karye, in ya sassauta domin mai kauri, sai siririya ta fito da ɓawonta. Uwargida kuma ta rasa yawan ruwan da za ta tsayar.

Sa'an nan a zo kan injin kansa. Ƙaramin injin ƙarfen nan da ya cika garuruwa, mai cire ɓawo da gogewa a zubi ɗaya, asalinsa ƙirar wani mutumin Brazil ne mai suna Engelberg, tun cikin shekarun 1880. Ya yi wa duniya aiki, amma ya tsufa. A cikin kilo 100 na samfarera, wajen kilo 20 ɓuntu ne, wajen kilo 10 dusa, abin da ya saura wajen kilo 70 shi ne shinkafa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta ce irin wannan inji ya kan fitar da kilo 53 zuwa 55 ne kawai, yawanci kuma karyayya, alhali injin zamani mai murza da roba yana fitar da kilo 65 ko fiye. Turarriya ta fi samun sauƙi a hannunsa, amma duk da haka shinkafa mai yawa tana niƙewa ta bi ɓuntu zuwa juji. Wannan hasara ba ta da mai kuka, domin ba wanda ya auna abin da ya shiga da abin da ya fito.

A nan ne gizo ke saƙa. Duk aibin da aka lissafa a sama an san maganinsa, ba kuwa mai tsada ba ne: tamfal mai kyau, dandamalin siminti na shanya, tukunya mai faranti mai huji a ciki wanda zai raba shinkafa da ruwa domin tururi kaɗai ya ratsa ta, injin cire tsakuwa. Malaman gona na KNARDA da ƙungiyoyin taimako sun yi shekaru suna koyar da waɗannan. Me ya sa gyaran ba ya zama? Domin kasuwa ba ta biyan mai gyara. Manomi da kwano da buhu ya ke sayarwa, wanda ya tsabtace nasa ya rage wa kansa auki ke nan. Lissafin a fili ya ke: kilo 100 na samfarera mai laima kashi 22, in ta bushe ta koma kashi 14, kilo 91 za ta zama, har da ɗan gibi. Wa zai yarda ya zubar da kilo 9 in farashin ɗaya ne? Mai turarawa a kan buhu a ke biyanta, saboda haka sauri ne ribarta. Mai inji shi ma a kan buhu a ke biyansa, ko ta fito santala-santala ko ta fito gari kuɗinsa ɗaya ne, ga man gas da tsada, me zai sa ya zuba ta sau biyu? Kowa yana miƙa aibin gaba, har ya isa faifan uwargida, ita ce za ta zauna ta tsince, ta rege a ƙwarya, ta biya da lokacinta da bayanta.

Abin da ya fi ciwo kuma shi ne makomar mai kyau. An sha ba da labarin 'yan kasuwar da ke zaɓar shinkafar gida mai haske su ɗura a buhu mai sunan ƙasar waje, su sayar da tsada. Watau in ta yi kyau yabon na Tailan ne ko Indiya, in ta ɓaci zagin na Tudun Wada ne.

Ƙasar Kano ba baƙuwar awo ba ce. Dattawan da suka ga zamanin dalar gyaɗa sun tuna malaman duba amfanin gona, masu soka buhu su ɗebi samfur kafin a buga masa hatimi. Cikin shekarun 1950 hukumar ciniki ta sa ƙarin kuɗi a kan gyaɗar da ba ta farfashe ba, cikin ɗan lokaci manoma suka bar ɓarar turmi suka koma injin hannu, ba da bulala ba, ba da wa'azi ba. Auduga ma lamba lamba a ke sayenta a kasuwar kaɗa, kowace lamba da farashinta, shi ya sa manomi ke zama da iyalinsa su tsince datti tun a gida. Hukumomin nan suna da nasu zunubi, sun danne wa manomi farashi shekara da shekaru, ba wanda ke roƙon a dawo da su yadda su ke. Amma da aka rushe su cikin 1986 an haɗa har da awon an zubar, an bar kasuwa da ido da rantsuwa. Ƙasa ta ga sakamakon irin wannan sakaci cikin 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. A Riruwai ta ƙasar Doguwa, inda aka san narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa, mai sayen kuza ba ya taya ƙasa da ido, sai an wanke, an rege, an ɗora a sikeli. Hikimar da ke raba kuza da yashi a kwanon wanki, watau bambancin nauyi, ita ce ke raba tsakuwa da shinkafa a ƙwaryar uwargida, ita ce kuma a cikin injin cire tsakuwa.

Ƙasashen da suka ci gaba da wannan hanya suka bi. Cikin 1924 wani masani a Amurka, Walter Shewhart, ya kawo dabarar ɗibar samfur a kai a kai daga kayan da a ke ƙerawa, a rubuta aibin da aka samu a takarda, domin a gane ranar da aiki ya kauce tun bai yi nisa ba. Cikin 1950 Edwards Deming ya kai wannan koyarwa Japan, lokacin da a ke yi wa kayan ƙasar kallon na banza. Kamfanin Toyota har ya ba kowane lebura iznin jan igiya ya tsayar da aiki in ya ga aibi. Kowa ya san inda kayan Japan suka kai bayan haka, direbobin Kwanar Dangora ma shaida ne.

Shinkafa tana da ma'auninta a duniya. Ƙa'idar abinci ta Codex ta 1995 ta ce laima kada ta wuce kashi 15 cikin 100, tsakuwa da yashi da ƙura kuma kada su wuce kashi ɗaya cikin 1,000. A buhu mai kilo 50 giram 50 ke nan, kuma ko wannan rangwame ne, gama mai ci ba ya yafe ko guda. 'Yan kasuwar Tailan kuwa da yawan karyayya su ke sa wa shinkafarsu suna da farashi, wannan mai kashi 5 ce, waccan mai kashi 25, mai saye a Kwatano ya san abin da zai sauke tun jirgi bai taso ba. A gida akwai hukumar SON tun 1971, akwai NAFDAC tun 1993, manyan kamfanonin casa na hanyar Zariya suna da rajista da ɗakunan gwaji. Amma hannun hukumomin nan bai kai rumfar ƙaramin mai inji ba, kuma ba za a ce su aika ma'aikaci kowane zaure ba.

Abin da ya dace da kasuwar Tudun Wada ƙarami ne. Tebur ɗaya a rumfa ɗaya, da sikeli babba na buhu, da ƙarami na giram, da na'urar auna laima irin ta hannu, da rariya, da littafi. A soki buhu sama da tsaka da ƙasa, a ware giram 100, a auna laima, a fitar da karyayya a auna, a ƙirga baƙin ido da mai ɓawo, a wanke wani kaso a ga ko tsakuwa za ta kwanta. Aikin minti goma ne, yaron da ya gama sakandare zai iya koyonsa cikin mako guda. Sa'an nan a buga wa buhu lamba ɗaya, ko biyu, ko uku, da sunan injin da ya cashe da kwanan wata. Littafin nan shi ne ainihin dukiyar. In aka yi wata uku ana rubutu, zai nuna injin da karyayyarsa ta yi yawa saboda rariyarsa ta cinye, da unguwar da shinkafarta ke wari, da watan da tsakuwa ke ƙaruwa. Mai inji da ya ga lambarsa kusa da ta maƙwabcinsa ba sai an aika masa sammaci ba. Ya kamata kuma a canja yadda a ke biyan ladan casa da na turarawa, a ɗora wani abu a kan buhun da ya fito lamba ɗaya, domin mai haƙuri ya ga ribar haƙurinsa a tafin hannu.

Akwai masu ja da wannan shawara, kuma maganarsu abin saurare ce. Na farko sun ce duk inda aka kafa tebur aka ba mutum hatimi, an buɗe sabuwar ƙofar cin hanci ke nan, gobe lamba ɗaya za ta zama ta mai abin hannu. Tsoron nan yana da tushe. Shi ya sa bai kamata teburin ya zama na masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma ba. Ƙungiyar masu injuna da ta mata masu turarawa da ta dillalai su riƙe shi tare, a ƙarƙashin idon sarkin kasuwa da hakimi, a yi awo a bainar jama'a, mai kaya yana tsaye, wanda bai yarda ba a sake a gabansa. Aikin hukumar SON da ma'aikatar ciniki shi ne su zo lokaci lokaci su gwada sikelin da na'urar, su tafi. Hatimin da ya yi ƙarya sau biyu fataken Legas da Onica za su daina dubansa, masu shi kuwa su ne za su fara jin zafin.

Na biyu sun ce talaka ba ruwansa da lamba, abin da zai cika tukunya ya ke nema, awo zai ƙara tsada ne kawai. Amma ba a ce a hana sayar da lamba uku ba. Karyayyar shinkafa abinci ce, mai tuwo da mai waina ma sun fi son farar da ba a turara ba, ko da tsaki ce. Abin da a ke nema shi ne a kira ta da sunanta, a sayar da ita a farashinta, kada talaka ya biya kuɗin lafiyayya ya kai gida karyayya. Tsakuwa kuwa ba ta da lamba, bai kamata a same ta ko a buhun da ya fi kowane araha ba.

Na uku sun ce injin cire tsakuwa da injin roba sun fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a, ga rashin wutar lantarki. Haka ne, kuma abin takaici ne a ce garuruwan da ke maƙwabtaka da ruwan Tiga suna casa da man gas. Amma injin cire tsakuwa ɗaya yana isar rumfuna da dama in an haɗa kuɗi, kuma banki ya fi saurin ba da rance ga ƙungiyar da ta ajiye littafin shekara guda a gabansa, mai nuna abin da ta ke fitarwa da abin da ta ke hasara, bisa ga wadda ta zo da baki kawai.

Shugabannin ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji sun saba raba taki da injin ban ruwa a gaban masu ɗaukar hoto. Kuɗin tebur da sikeli biyu da na'urar laima, har da albashin yara biyu na shekara, bai kai na taron rabon kaya guda ɗaya ba. Sabuwar shinkafar damina ta kan fara shigowa kasuwa a watan Oktoba, ta rani kuma wajen Mayu da Yuni. In ana so littafin ya fara da buhun farko na kaka mai zuwa, to sai an sayi kayan awo an koya wa yaran aiki tun shinkafa tana gona.